Yadda Ake Zaɓen Rigar Ruwa Mai Sauƙin Kuɗi Domin Shiga Jirgi Da Damina

Duk wanda ya taɓa tsallaka kogin Kaduna a kwale-kwale cikin watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ruwa ya yi jawur ya shanye duwatsun da ake gani da rani, ya san jiƙewar cikin jirgi daban take da jiƙewar kan titi. A kan titi mutum yana iya raɓewa a rumfar mai shayi har ruwa ya tsagaita, amma a tsakiyar kogi babu mafaka: ruwa yana zubowa daga sama, iska tana feso shi ta gefe, wanda ya taru a cikin jirgin kuma yana jiƙa mazauni da ƙafafu daga ƙasa. Wannan bayani na masunta ne da 'yan fito da masu ɗiban yashi, da manoman da gonakinsu ke tsallake, da masu zuwa kamun kifi a madatsar ruwa ta Kangimi, waɗanda yawancinsu ba su da halin sayen kayan matuƙan teku masu tsada. Abin da na gamsu da shi bayan damina da dama shi ne, riga mai arha tana iya yin aiki sosai, muddin an duba abu uku: haɗin ɗinkinta, da yanayin yankanta, da kuma ko za ta bar mai ita ya ceci kansa idan jirgi ya kife.

Mataki na farko: a fara ware kuɗin rigar ceto

Abu biyu ne mutane ke kira rigar ruwa, kuma rikita su yana jawo asarar rai. Akwai wadda ke tare ruwan sama, akwai kuma rigar ceto mai soso a ciki, wadda ke ɗaga mutum ya yi ta yawo a saman ruwa ko da bai iya iyo ba. Ta farko ba ta hana nutsewa ko kaɗan. Saboda haka idan kuɗin hannunka ba zai sayi duka biyun ba, rigar ceto ce ta farko, ta ruwan sama ta jira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sanya rigar ceto ga duk mai shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe.

A jikin rigar ceto ta ƙwarai ana rubuta ƙarfin ɗagawarta da lamba da harafin N: 50, 100, 150 ko 275. Mai 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yana kusa da gaɓa. Mai 100 ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace da kogi da madatsar ruwa, domin tana da abin wuya da ke tallafe kai. Idan ta gwanjo ce, ka matsa sosonta da hannu: in ya lotsa ya dawo nan take yana da sauran ƙarfi, in kuwa ya tsaya a lotse ko yana marmashewa, ka ajiye ta. Ka sa ta, ka ɗaure igiyoyinta, ka ce wa wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta haura har ta rufe maka kunne, haka za ta yi a cikin ruwa, wataƙila ma ta suɓule gaba ɗaya. Dalilin da ya sa na fara da ita shi ne, a saman rigar ruwan sama ake sa ta, don haka duk abin da za ka saya nan gaba dole ya shige ƙarƙashinta ba tare da ya takura ka ba.

Mataki na biyu: ka san irin zamanka a cikin jirgin

Fasinjan da zai zauna minti goma a tsallake da shi, buƙatarsa ba ɗaya ba ce da ta wanda zai wuni yana jan koma ko yana tura jirgi da gora. Mai zama sanyi ne ke damunsa, mai aiki kuwa zufa ce, domin a ƙasarmu ko ana ruwa iskar tana da ɗumi da laima, kuma rigar da ta hana ruwa shiga tana hana gumi fita. Mai ɗiban yashi da mai kama kifi suna buƙatar yadi mai kauri da zai jure gogar katako da ƙayar kifi da ƙugiya. Wanda yake shiga jirgi mai inji kuma, musamman a fili mai faɗi irin tafkin Shiroro da ke kan wannan kogi a jihar Neja, iska da feshin ruwa ne za su fi dukansa a ƙirji da wuya. Ka yanke wa kanka hukunci a kan wannan tun a gida, domin a kasuwa mai kaya zai nuna maka abin da yake da shi ne, ba lalle abin da ya dace da kai ba.

Mataki na uku: bambance yadi

Iri uku za ka tarar. Na farko shi ne yadi mai rufin roba mai kauri, wanda ake rubuta PVC a jikinsa, mai santsi da sheƙi kamar tamfol. Asalin wannan dabara tsohuwa ce: a 1823 Charles Macintosh na Sikotilan ya yi rajistar hanyar haɗa yadi biyu da danƙo a tsakani, a 1877 kuma wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Norway mai suna Helly Hansen ya fara jiƙa yadin lilin da mai domin ma'aikatan teku. Har yau masunta na manyan tekuna irin wannan riga mai nauyi suke sawa, ba don ba su da kuɗin wata ba, sai don ruwa ba ya ratsa ta, jini da majinar kifi suna wankuwa da guga ɗaya, kuma tana karɓar faci. Aibinta nauyi da zafi.

Na biyu shi ne nailan ko foliyasta mai shafen roba siriri ta ciki, wanda ake yi wa alamar PU. Ba shi da nauyi, yana naɗuwa ya shiga jaka, ya fi daɗin sawa, amma shafen yana lalacewa da zafi da laima, wato abu biyun da muke da su a wadace. Na uku shi ne mai numfashi, irin su Gore-Tex, wanda ya samo asali daga abin da Robert Gore ya gano a Amurka a 1969: wata fata siririya mai ƙananan ƙofofi da ɗigon ruwa ba ya iya bi, amma tururin gumi yana fita. Sabonsa yana da tsada ƙwarai, kuma fitar tururin ta fi aiki idan waje yana da sanyi da bushewa. A cikin marka, da iska ta riga ta ƙoshi da laima, amfaninsa yana raguwa. A ganina, ga mai aiki a ruwa kullum, PVC ya fi kowanne dacewa da kuɗinsa, ga mai tsallakawa jifa-jifa kuma PU sabo ya wadatar.

Wasu rigunan suna da lamba kamar 3,000mm ko 10,000mm. Ma'anarta ita ce, an kafa bututu a tsaye a kan yadin ana zuba ruwa, tsawon da ruwan ya kai kafin ya fara ɗiga ta ƙasa shi ne lambar. Abin da ya kama daga 1,500 ana lissafa shi cikin masu tare ruwa, amma wannan na yayyafi ne da tafiyar ƙasa. Mutumin da yake zaune a kan jiƙaƙƙen katako ko ya durƙusa a cikin jirgi, nauyin jikinsa yana matsa ruwan ya ratsa yadin, shi ya sa wando yake buƙatar 10,000 ko fiye, riga kuma kada ta gaza 5,000. Idan ka ga an rubuta "water resistant" maimakon "waterproof", to ta yayyafi ce kawai. Alamar EN 343 kuma shaida ce cewa an yi kayan ne bisa ƙa'idar Turai ta tufafin ma'aikata masu aiki cikin ruwan sama, ko da yake rubutu a jikin kaya ba ya isa hujja sai an gwada.

Mataki na huɗu: gwaji a gaban mai kaya

A nan ne ake samun riba ko asara. Sababbin kaya ana samunsu a babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi da ke garin Kaduna, wajen masu sayar da kayan kariyar ma'aikata da na 'yan acaɓa, na gwanjo kuma Kasuwar Barci da ke Tudun Wada ta yi suna a kansu. Lokacin da ya fi dacewa da saye shi ne Fabrairu ko Maris, kafin ruwan farko ya sauka kowa ya tuna da rigar ruwa farashi ya tashi. Ka tafi da rana tsaka, ka riƙe ruwan leda ɗaya ko biyu a hannu.

Da farko ka juya rigar, cikinta ya dawo waje, domin ba a sanin rigar ruwa ta fuskarta. Ka bi layin ɗinki da yatsa daga wuya zuwa kafaɗa, daga hammata zuwa ƙugu. Kowace huda ta allura ƙofa ce, don haka masu yin riga ta gaske ko dai su liƙe haɗin da zafi ba tare da zare ba, kamar yadda ake yi wa PVC mai kyau, ko kuma su ɗinka sannan su bi bayan ɗinkin da wani siririn tef su manne. Idan ka ga zare tsirara ba abin da ya rufe shi, wannan riga za ta yi yoyo ko da yadinta ya fi na kowa. Wasu kuma kafaɗa da hula kawai suke liƙewa su bar sauran, saboda haka kada ka duba wuri ɗaya ka gamsu. Ka sa farce a gefen tef ɗin ka ɗan taɓa. Idan ya ɗago cikin sauƙi, sauran ma suna hanya.

Wata shekara na sayi riga ta gwanjo mai sunan wani babban kamfani, ja, kyakkyawa, zif ɗinta lafiya lau, na kuma yi murna da yadda aka sallama mini ita. Ban juya cikinta ba. Ranar da hadari ya same mu a tsakiyar kogi muna dawowa daga gona, cikin 'yan mintoci na ji sanyi yana gangarowa ta tsakanin kafaɗuna, da muka isa gaɓa na cire ta sai na ga wani farin abu kamar dusa ya manne mini a wuya da hannuwa. Shafen cikin ne ya ruɓe yana zuba. Tun daga ranar nake murza cikin kowace riga tsakanin yatsu biyu kafin in tambayi kuɗinta. In ya yi danƙo yana kama hannu, ko yana ɓarewa, ko yana wani wari mai tsami, to ta gama aiki, kuma babu gyaran da zai dawo da ita.

Bayan haka ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, ka lura da kafaɗu, inda igiyar jaka ke goga, da gwiwar hannu, da wuraren da aka daɗe da ninkewa. Ƙananan huda suna bayyana kamar taurari. Sannan ka nemi izinin mai kaya, ka yi ɗan kwarmi da yadin daidai kan layin ɗinki, ka zuba ruwan leda, ka tattara bakin kamar ƙullin gishiri ka matse a hankali, ɗaya hannun yana ƙasa. Idan tafin hannunka ya yi naso, magana ta ƙare. Mai kayan da ya yarda da kayansa ba ya hana wannan gwaji.

Zif ma wurin yoyo ne. Ka nemi wanda aka rufe da marufi mai maɓalli ko mai kama-kama, in da hali ninki biyu. Zif mai manyan haƙora na roba ya fi na ƙarfe jure yashi da tsatsa. Aljihu marar murfi kuwa kwanon tarar ruwa ne.

Mataki na biyar: yanka da launi

Rigar nan mai faɗi da ake zurawa ta kai, wadda 'yan acaɓa ke lulluɓa har da babur, bai kamata a shiga jirgi da ita ba. Iska tana cika ta ta rinjayi mutum idan ya miƙe, gefenta yana sarƙewa a raga ko ƙusa ko farfelar inji, idan kuma aka faɗa ruwa tana buɗewa ta rufe fuska ta naɗe hannuwa. Haka doguwar riga mai kaiwa idon sawu take ɗaure ƙafa. Abin da ya dace shi ne riga da wando daban-daban, rigar ta sauko ta rufe mazaunai idan an zauna, wandon kuma ya zama mai hawa har ƙirji da igiya a kafaɗa, domin idan mutum ya sunkuya jan raga, ƙugu ne ke buɗewa ruwa ya shiga. Da yawa suna sayen riga su bar wando, alhali a cikin kwale-kwale mazauni da cinya ne ke fara jiƙewa. Idan kuɗi ya taƙaita, gara wando mai kauri da riga matsakaiciya.

Ka gwada kayan a kan tufafin da za ka sa a ciki. Ka ɗaga hannu sama, ka yi kamar kana tuƙi da filafili, ka tsuguna, ka ɗaga ƙafa kamar za ka hau jirgi daga gaɓa. Kada ya ɗame, kada kuma ya yi burum-burum. Bakin hannu ya zama mai roba ko maɗauri, in ba haka ba duk ɗagawar hannu ruwa zai gangara har hammata. Hular ta kasance mai zariya, ka ja ta ka juya kai dama da hagu: idan kanka ya juya hular ta tsaya, to ta rufe maka ganin gefe, kuma matuƙi yana buƙatar ganin kututturen da ambaliya ta kwaso. Sa hular hana-sallah a ƙarƙashinta yana gyara wannan, yana kuma tare ruwa daga ido.

Launi ba ado ba ne a nan. Ruwan kogin Kaduna da damina ja ne mai duhu, ga hadari ya rufe sama, mutumin da ke sanye da baƙi ko kore ko shuɗi mai duhu yana ɓacewa daga ido cikin 'yan taku kaɗan. Ka zaɓi ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, in an samu mai ratsin da ke ƙyalli idan an haska tocila ya fi. Mai rodi-rodi irin na sojoji ka guje shi, domin ban da wahalar gani, yana iya haɗa ka da jami'an tsaro. Ka ɗaura usur a kafaɗar rigar ceto, sautinsa yana zuwa inda murya ba ta kaiwa cikin ƙarar ruwa.

Mataki na shida: abin da ke ƙarƙashi da abin da ke ƙafa

Mutane suna ganin ƙasarmu ƙasar zafi ce, sanyi ba zai yi wa kowa illa ba, amma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, kuma alamunsa su ne makyarkyata, da mutuwar yatsu har mutum ya kasa ɗaure igiya, da sarƙewar harshe. Wanda ya wuni a jiƙe iska tana dukansa yana iya kaiwa nan ko a Agusta. Auduga ita ce babbar matsala, domin tana shan ruwa ta riƙe ta manne a fata, wandon jins kuma ya fi kowa nauyi idan ya jiƙe. Rigar ƙwallo ta foliyasta, wadda take birjik a gwanjo kuma da arha, ta fi dacewa nesa ba kusa ba, tunda ba ta riƙe gumi kuma tana bushewa da wuri. Mai zama wuri ɗaya ya ƙara suwaita marar nauyi wadda ba ta auduga ba. Mata su sa ƙaramin hijabi da za a cusa cikin rigar, su ajiye dogon a jaka har a sauka, kuma kada a lulluɓe goyo da leda saboda numfashinsa. Yara a nema musu rigar ceto daidai nauyinsu, ta manya suɓule musu take yi.

Takalmin roba mai dogon wuya yana da amfani a taɓon gaɓa, amma idan ya cika da ruwa yana hana ƙafa bugun iyo, yana kuma wahalar da mai son komawa cikin jirgi. Idan za ka saya, ka ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka, yadda za ka iya tuɓe shi da dunduniyar ɗaya ƙafar ba tare da sa hannu ba, ka kuma saki ƙafar wando a kansa, kada ka cusa ta ciki ruwa ya gangara. Ga yawancin mutane, takalmin roba gajere mai maɗauri a dunduniya da ƙasa mai kama katako ya fi. Silifa tana zamewa.

Kayan canji da waya da kuɗi kuma, bokitin fenti mai murfi da aka wanke ya ishe su. Ba ya shan ruwa, yana zama kujera, idan ya faɗa kogi kuma yana tasowa.

Mataki na bakwai: gwajin gida, gyara da ajiya

Kafin ka dogara da kayan a kogi, ka sa riga mai haske a ciki, ka sa su duka, ka ce a riƙa kwara maka ruwa da buta daga sama na 'yan mintoci, sannan ka zauna a kan jiƙaƙƙen benci. Duk inda rigar cikin ta yi duhu, nan ne yoyon yake, sai ka yi masa alama. Kada ka kai wa tela ya bi da keke, domin sababbin huda zai ƙara. PVC masu haɗa tamfol ne suka san kansa, suna da gam ɗin da ke kama shi kuma suna iya liƙe faci da zafi. A wanke wurin ya bushe, a yanke facin da kewayayyen gefe don kada kusurwa ta ɗago, a manna ta ciki da waje idan yagewar babba ce. Zif mai tauri a goga masa kyandir.

Ka tuna babu rigar da ke tare aradu, kuma babu wadda ke rage ƙarfin ruwa. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, saboda haka yana iya cika cikin dare ko da ba a yi ɗigo ɗaya a cikin gari ba. Idan hadari ya haɗo daga gabas, iskar da ke riga ruwa isowa ta fara kaɗawa, a nemi gaɓa a jira, a kuma riƙa sauraron hasashen hukumar kula da yanayi, wato NiMet, a rediyo kafin a fita.

Bayan kowace fita a ɗauraye kayan da ruwa mai tsabta, a cire taɓo da yashi daga zif, a rataye su a inuwa inda iska ke ratsawa, ciki da waje su bushe. Rana mai zafi tana busar da roba ta tsattsage, fetur da baƙin mai suna cinye ta, garin sabulu mai ƙarfi da dutsen guga kuma suna ɗaga tef ɗin ɗinki. Kada a cusa su a leda da danshi, domin cikin kwana kaɗan fumfuna za ta kama su. Idan damina ta wuce a watan Oktoba, a rataye su a kan rataya mai faɗi maimakon a ninke su a ƙasan akwati, tunda PVC yana ƙandarewa da hunturu ya karye a kan layin ninki, a kuma nisanta su daga inda ɓera ke kaiwa, musamman rigar ceto da yake son sosonta. Rigar ceton kada a mai da ita matashi ko abin zama, domin danne soson yana rage ƙarfin ɗagawarsa. A watan Maris a sauko da komai a sake gwajin buta, a gyara abin da ya buɗe tun kafin ruwan farko.